Lissafin Ɗan Canji

Shekara goma sha tara ina kan bencin nan na Wapa,
kalkuleta a cinya, robar ɗaure kuɗi a wuyan hannu.
Na ƙirga sefa, na ƙirga riyal, na ƙirga dala,
har yatsana ya fi idona sanin jabu.

Lawali na Maraɗi ya zo da sefa cikin safa.
Shanu bakwai ya sayar, har bajimin da ubansa ya bari,
zai kwashi gero a Dawanau ya kulle a sito,
ya jira bazara ta ɗaga masa farashi.
Na ce, in an rufe boda fa?
Ya ce, boda ƙofa ce, daji kuwa ba shi da ƙyaure.

Hajiya Tasalla ta Kwari ba ta taɓa ganin teku ba,
amma wata biyu ke nan dukiyarta na kansa.
Kuɗin kwantena ta tura wa wani Liyu a ƙasar Sin,
ba ta san shi ba sai a gilashin waya,
yana ɗaga atamfa yana cewa sannu Hajiya.
Shi ma, in ji ta, gidan surukansa ya jinginar
kafin ya sayi injin.
Tana tsoronsa, yana tsoronta,
kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa wuya
ya ce riƙe mini.

Akwai tsohon Kwara, Fu'ad,
wanda kakansa ya auna gyaɗa a garin nan.
Banki a ƙasarsu ya taɓa rufe ƙofa
da gumin ƙanwarsa a ciki.
Tun ranar ya farke katifa ya ɗinke dalarsa,
yana kwance kan arzikinsa, barci yana waje.
Ya tsere wa banki.
Bai yi shawara da gara ba.

Sai Tasi'u, ɗan ƙanwata.
Nasa kuɗin ba ya wari, ba ya cika aljihu,
sulalla ne a waya, jan zane da kore.
Adaidaita sahunsa ya sayar ya zuba.
Ƙarfe uku na dare yana hira da wani yaro a Nairobi
da wani a Istambul, dukansu ido ba runtsawa,
suna gadin tukunyar da babu wanda ya ga murhunta.
Da asuba kore, da hantsi ja.
Kawu, ya ce, riƙewa ake yi.
Yana riƙe. A ƙafa yake zuwa gaishe ni.

Ni kuwa mai ba kowa shawara,
ni mai cewa kada ka gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu,
bara na ji ƙishin-ƙishin dala za ta haura.
Na sayar da filina na Rijiyar Zaki,
na haɗa da ajiyar Malam Namadi ban gaya masa ba,
na saye, na zauna ina murmushi.
Kwana tara ta yi tana hawa.
Ran na goma ta zamo kamar ƙadangare a bangon tayil.
Na biya Namadi da motata.
Har yau yana yabon amanata a masallaci,
ni kuma ina duban tabarma.

To wa zan yi wa dariya?
Na Maraɗi ya amince da yunwa,
Hajiya ta amince da baƙo,
Fu'ad da katifa, Tasi'u da haske,
ni da jita-jita.
Harshe daban, takarda daban, hoton shugaba daban,
amma in mutum zai miƙo abin da ya tara,
hannun nan rawa ɗaya yake yi.

An kira la'asar.
Ga wani can ya tsallako titi,
ya rungume jaka kamar jariri,
yana waige.
Zai ce mini, nawa take yau?
Zan faɗa masa ta yau.
Ta gobe ce ya zo saya,
ita kuwa ba ni da ita.